Bayan An Tashi Daga Bajekoli: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Riƙe Hulɗar Da Ya Ƙulla

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa halartar bajekoli ko wani babban taron ciniki ya san yadda ranar rufewa take. Ana kwance rumfuna, ana loda sauran kaya a mota, ana musabaha ana cewa "sai mun yi waya", kowa aljihunsa cike da katunan adireshi. To, amma in aka sami mutumin bayan wata uku aka tambaye shi mutum nawa ya tuntuɓa daga cikin waɗanda ya gana da su, sau da yawa sai ya yi shiru. Katunan suna nan a durowar shago an ɗaure su da roba, wasu kuma sun tafi wurin mai wanki a aljihun babbar riga. Lambobin da ya zuba a waya kuwa, ya rasa wane ne "Alhaji Bajekoli" kuma wace ce "Madam Kwali".

Wannan darasi zai duba yadda 'yan kasuwa, maza da mata, za su yi amfani da wayar hannu da kwamfuta su riƙe mutanen da suka sadu da su a irin waɗannan tarurruka, har saduwar ta kai ga ciniki.

Lissafin abin da ake asara

Tarurrukan ciniki ba baƙin abu ba ne a Nijeriya. An fara Bajekolin Ƙasa da Ƙasa na Legas a 1977, kuma tun 1986 Cibiyar Ciniki da Masana'antu ta Legas ce take shirya shi. Na Kaduna an fara shi a 1979. Ga kuma na Kano, da na Inugu, da na Abuja. A matakin nahiya, bankin Afreximbank ya fara shirya bajekolin ciniki tsakanin ƙasashen Afirka a Alkahira a 2018, aka yi a Durban a 2021, aka koma Alkahira a 2023, sa'an nan Aljiyas a 2025, kuma an sanar cewa Legas ce za ta karɓi baƙuncinsa a 2027.

Halartar kowane daga cikinsu kashe kuɗi ne. Bari mu ɗauki misali. A ce mai sayar da zoɓo da riɗi ya tashi daga Ibadan ya je bajekolin Legas, ya biya kuɗin rumfa, da na mota, da masauki, da abinci, da buga takardun talla, duka suka kama naira 900,000. Ya dawo da katuna 60. Ke nan kowane kati ya tsaya masa a kan naira 15,000. Idan mutum uku kawai ya tuntuɓa ya bar sauran, to kowane ɗaya daga cikin ukun ya tsaya masa a kan naira 300,000. Babu ɗan kasuwar da zai sayi buhu 60 ya bar 57 a tasha, amma haka ake yi da katunan adireshi ba tare da an ji zafi ba, saboda asarar ba ta fitowa a littafin shago.

Masana tattalin arziki sukan ce bayan farashin kaya, akwai wasu kuɗaɗe uku da kowane ciniki yake ci: kuɗin neman abokin ciniki, da kuɗin tantance ko mutumin kirki ne, da kuɗin tabbatar da ya cika alkawari. Amfanin bajekoli shi ne yana rage na farko, domin ya tara masu saye da masu sayarwa a fili ɗaya. Wanda ya bar hulɗar ta mutu, tilas ya sake biyan wannan kuɗi baɗi.

Akwai kuma wani dalili. A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin sabuwar dama ya fi zuwa wa mutum daga waɗanda ya yi wa sanin shanu, ba daga aminansa na kusa ba. Dalili kuwa shi ne, aminanka abin da ka sani shi suka sani, kasuwarku ɗaya, majalisarku ɗaya. Wanda kuka haɗu sau ɗaya a bajekoli shi ne yake da labarin wata kasuwa da ba ka shiga. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a kan mutane kimanin miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, wanda ya ƙarfafa wannan ra'ayi ta fuskar samun aiki. Matsalar ita ce irin wannan sanayya ita ce ta fi saurin tsinkewa.

Darasi daga Sabo

Riƙe hulɗar ciniki daga nesa ba sabon ilmi ba ne ga Bahaushe. A farkon shekarun 1960 masanin nan Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, ya kuma wallafa littafi a kai a 1969. Abin da ya gano shi ne ginshiƙin wannan fatauci shi ne maigida. Shi yake saukar da falke, ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, kuma idan an sayar wa mahauci shanu bashi, shi yake tsayawa lamuni. Maigida ya san wane mahauci ne yake biya kan lokaci, wane ne kuma ya fara tangaɗi.

In aka duba da kyau, aiki uku maigida yake yi: riƙe bayanin mutane, da isar da saƙo, da tsayawa lamuni. Kafin a fara wayar GSM a Nijeriya a watan Agusta na 2001, layukan tarho da suke aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, saboda haka ɗan kasuwa ya dogara ne da akwatin gidan waya, da faks, da direban da zai kai wasiƙa. Yanzu wayar da ke aljihu tana yin aiki na farko da na biyu cikin sauƙi. Na ukun, watau amana, babu na'urar da take yin sa. Lalle ne mai karatu ya riƙe wannan bambanci a duk abin da zai biyo baya.

Tun a filin taro

Aikin riƙe hulɗa yana farawa ne tun kafin a rabu. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta, a sa'o'in farko da ranar farko yake mantawa. Saboda haka kada a bar rubutu sai an koma gida.

Abu na farko, da zarar an ba ka kati, ɗauki hotonsa. Manhajoji irin su Google Lens da CamCard suna karanta rubutun kati su fitar da suna da lamba da imel, sai dai a duba, domin sukan yi kuskuren lamba. Wanda ba shi da kati, a ɗauki hoton allon rumfarsa da izininsa.

Na biyu, a ajiye suna ta hanyar da za a iya nemo shi. Maimakon "Alhaji Bajekoli", a rubuta cikakken suna, da sana'a, da gari, da wurin haɗuwa tare da shekara. Idan kowane suna yana ɗauke da kalmar "Legas 2025", alal misali, da ka rubuta ta a wurin bincike duk mutanen wannan taro za su fito a jere.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, a rubuta abin da aka tattauna. Me yake nema? Nawa yake buƙata? Wane alkawari ka yi masa? Wanda rubutu yake yi wa nauyi, ya koma gefe ya ɗauki saƙon murya na rabin minti ya tura wa kansa.

Na huɗu, a yi musayar lamba nan take. WhatsApp da LinkedIn da WeChat kowace tana ba mai amfani da ita tambarin QR, watau ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ya ƙirƙiro a 1994. In ɗaya ya haska na ɗaya da kyamara, an haɗu ke nan ba kuskuren lamba. Yana da kyau a buga wannan tambari a jikin kati da allon rumfa. Sa'an nan ka tura masa gajeren saƙo yana tsaye, ka ga ya shiga, ka roƙe shi ya ajiye lambarka.

Kwana uku na farko

Kamata ya yi saƙon farko ya isa cikin kwana uku da rabuwa, tun fuskarka ba ta ɓace masa ba. Ka tuna shi ma ya gana da mutane da yawa. Saƙon da ya ce "Salamu alaikum, ka gane ni?" ba ya haifar da komai sai tambaya. Saƙo mai amfani yana da abu huɗu: gaisuwa, da wane ne kai da inda kuka haɗu, da abin da kuka tattauna, da mataki na gaba. Alal misali:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan an isa gida lafiya. Ni ne mai rumfar zoɓo da riɗi da ka tsaya wurinmu ranar Laraba a bajekolin Legas, ka tambayi farashin tan biyar. Ga farashin da hoton samfur kamar yadda na yi alkawari. In ka ba ni izini zan kira ranar Litinin da hantsi mu ƙarasa magana."

A lura cewa saƙon ya zo da cika alkawari. Wannan ƙaramin abu shi ne tubalin farko na amana, domin wanda ya ce zai turo farashi ya turo, an fara ganin zai iya turo kaya. Idan hulɗar da kamfani ce, a bi da imel, domin imel ya fi dacewa da ajiye takardar farashi da sharuɗɗan ciniki. Bugu da ƙari, kamfanonin waje sun fi sakin jiki da adireshin imel mai ɗauke da sunan kamfaninka. Ana yin rajistar suna mai ƙarewa da .ng ko .com.ng ta hannun wakilan ƙungiyar NiRA.

Littafin abokan hulɗa

Ba kowane kati ne zai zama ciniki ba, kuma lokacin ɗan kasuwa jari ne. Masanin nan ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa mutanen da mutum guda zai iya riƙe hulɗa mai ɗorewa da su ba su wuce kimanin 150 ba, a ciki har da dangi da abokai. Saboda haka tilas a yi zaɓi, sauran kuma a bar wa rubutu.

A raba mutanen gida uku. Kashi na farko su ne waɗanda suka nemi farashi ko samfur. Waɗannan a bi su cikin mako. Kashi na biyu su ne waɗanda sana'arsu ta dace da taka amma ba su shirya ba; a tuntuɓe su duk bayan wata biyu ko uku. Kashi na uku su ne masu amfani ta wata fuska, kamar jami'in banki, da mai fiton kaya a tashar jiragen ruwa, da ma'aikacin Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki. A gaishe su lokaci-lokaci.

Ba sai an sayi manhaja mai tsada ba. Jadawali a Excel ko Google Sheets ya wadatar, muddin yana da waɗannan gurabe: suna, kamfani, gari, lamba, inda aka haɗu, abin da yake nema, ranar tuntuɓa ta ƙarshe, da ranar tuntuɓa ta gaba. Gurbi na ƙarshen nan shi ne ran jadawalin. A saka ranar a kalandar waya domin ta yi tuni. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a 2018, tana ba da damar sa wa kowane mutum alama mai launi, da jera hotunan kaya da farashinsu. Idan harka ta bunƙasa har ma'aikata da yawa suna magana da abokan ciniki, sai a koma ga manhajojin da aka yi musamman domin haka, irin su Zoho da HubSpot.

Akwai hattara biyu a nan. Ta farko, kada lambobi su zauna a kan layin waya ko cikin ƙwaƙwalwar waya kawai. A haɗa su da asusun Google ko iCloud, yadda in waya ta faɗi ko aka sace, sunayen suna nan. Ta biyu, littafin mallakar kamfani ne, ba na yaron shago ba. Idan duk abokan cinikin da aka samo a bajekoli suna cikin wayar ma'aikaci ɗaya, ranar da ya bar aiki da su zai tafi. A tanadi layi da waya na kamfani.

Kowace ƙasa da hanyarta

'Yan kasuwarmu da yawa suna zuwa bajekolin Kanton da ake yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda aka fara a 1957 kuma ake yi sau biyu a shekara. Wanda zai je ya sani cewa WhatsApp da Gmail da Facebook ba sa aiki yadda aka saba a layukan ƙasar. WeChat ce hanyar hulɗa a can, kuma tana fassara saƙo a cikinta. Gara a buɗe ta tun a gida, domin wani lokaci sai wani mai amfani da ita ya tabbatar da sabon shiga. Manhajar fassara ta Google ta sa Hausa tun 2013, amma kada a dogara da fassarar na'ura a kan farashi, da adadi, da ranar kawo kaya. Waɗannan a rubuta su da lambobi, a kuma nemi ɗaya ɓangaren ya maimaita.

A kula da bambancin lokaci. Sin tana gaban Nijeriya da awa bakwai, Indiya da awa huɗu da rabi, Dubai da awa uku, Turkiyya da awa biyu. Wanda ya kira Guangzhou bayan la'asar a Legas, ya kira mutum da dare ya raba. Kazalika masana'antun Sin sukan rufe lokacin bikin sabuwar shekararsu, wanda yake faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Shirun wannan lokaci ba wulaƙanci ba ne.

Tantancewa kafin a saki kuɗi

Haɗuwa a bajekoli ba shaida ba ce. Kowa yana iya kama rumfa ya buga kati mai ƙyalli. A nan ne ya kamata na'ura ta taimaka wa aikin maigida na dā. Kamfanin Nijeriya ana iya duba sunansa da lambar rajistarsa a shafin intanet na Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC. Ana iya tambayar cibiyar cinikin da ta shirya taron ko ta san shi. Ana iya neman a yi kiran bidiyo ta WhatsApp ko Zoom daga cikin masana'anta ko sito, a ga kayan da ido. Kuma cinikin farko ya zama ƙarami, wanda in ya lalace ba zai karya jari ba.

Akwai wata damfara da ta yi ƙamari a cinikin nesa. 'Yan damfara sukan kutsa imel ɗin ɗaya ɓangaren, ko su buɗe adireshi mai kama da nasa da bambancin harafi ɗaya, su jira har an kusa biya, sa'an nan su turo saƙo cewa an canza asusun banki. Ƙa'ida ita ce, duk saƙon da ya zo da canjin lambar asusu, kada a biya sai an kira mutumin ta lambar da ya bayar hannu da hannu, an ji muryarsa. Sunan da ke kan asusun kuma ya dace da sunan kamfanin.

Haka nan a tsare WhatsApp ɗin kai. Lambobi shida da ake turowa ta saƙon waya mabuɗi ne, ba a ba kowa, ko da ya ce daga masu shirya bajekoli yake. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Wanda aka ƙwace wa WhatsApp, da sunansa za a bi abokan cinikinsa ana neman kuɗi, mutuncin da ya gina a shekaru ya zube a yini ɗaya. A kuma tuna cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanin waya yana iya ba wani. Lambar da ta shekara biyu ba a kira ba, a fara tabbatar da mai ita kafin a shiga maganar kuɗi.

Doka da ladabi

A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Dokar ta ba mutum ikon ƙin a riƙa turo masa talla, da ikon janye izinin da ya bayar. Ma'ana, wanda ya ba ka kati domin ku yi maganar riɗi bai ba ka izinin sayar da lambarsa ko raba ta ga wasu ba.

Ladabi ma haka ya ce. Kada a jefa mutum cikin zauren WhatsApp ba tare da an tambaye shi ba. Kada a cika masa waya da hotunan barka da safiya da bidiyon da ba su shafi ciniki ba. Saƙon bai-ɗaya na WhatsApp ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka, kuma wanda ya gaji da kai, taɓawa ɗaya zai yi ya toshe ka. Idan masu shirya taro suka buɗe zaure domin mahalarta, a shiga, a gabatar da kai sau ɗaya a taƙaice, sa'an nan maganar ciniki a koma da ita gefe.

Raya hulɗa

Hulɗar da ba a tunawa da ita sai ranar buƙata ba ta daɗewa. Hanya mafi inganci ita ce a riƙa zuwa da abin amfani: labarin cewa sabon riɗi ya shigo kasuwar Dawanau kuma farashi ya sauka, ko sanarwar wani bajekoli mai zuwa, ko haɗa mutum da wani da zai biya masa buƙata ko da ba ka da ko kwabo a ciki. A gaishe shi a lokacin bikinsa, Salla ce ko Kirsimeti, da saƙo mai ɗauke da sunansa. Wata guda kafin bajekoli na gaba, a buɗe jadawali a tambayi na kashin farko da na biyu ko za su je, a sa rana da lokaci. Haɗuwa ta biyu ta fi ta farko albarka, domin an wuce gabatarwa.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Waya ta rage nisan tafiya, amma ba ta soke ta ba. Wanda harkarku ta fara nauyi, a je a ga shagonsa, a ci abinci tare, a san mutanensa.

Ga aikin da mai karatu zai gwada a wannan mako. Ya ɗauko katunan taron da ya halarta na ƙarshe, ya zaɓi goma mafi dacewa da sana'arsa, ya shigar da su jadawali, ya tura wa kowane saƙo mai abubuwa huɗun nan, tare da neman afuwar jinkiri. Bayan mako biyu ya ƙirga amsoshin da ya samu, ya raba kuɗin da ya kashe a taron da adadinsu. Wannan lissafi shi zai gaya masa ko tafiyar ta biya, da kuma abin da zai gyara kafin ya sake kama rumfa.